Yadda ake fita da keke daga Sakkwato, a kwana a fili, a dawo lafiya

Duk shekara da zarar an kai gero gida, iska ta juya, sai tambaya ta yi yawa a wurin mai facin da nake zama da yamma: "Yaya, wai da gaske a fili kuke kwana? Da me kuke rufa? Ba ku jin tsoro?" Yawancin masu tambayar bidiyon Turawa suka gani a YouTube, mutum ya ɗaure kaya a keke, ya kutsa daji ya ɓuya, ya kafa tanti ba wanda ya san da shi, gari na wayewa ya naɗe ya wuce. To, tun kafin mu taɓa sifana bari in gaya maka: wannan salon a ƙasar Sakkwato a yau yana iya cin ranka. A nan ba a ɓuya. Mai son kwana a fili sai masu ƙasar sun ga fuskarsa da rana, sun san daga inda ya fito, su da kansu sun nuna masa inda zai shimfiɗa. Na yi shekaru ina wannan fita da abokai, kuma duk daren da ya yi mana daɗi, da izinin mutanen wurin muka kwana.

KAYAN DA ZA KA TANADA

Keken da kake hawa kullum ya isa, in dai ƙafafunsa ba su karkace ba, birki yana kamawa, kuma yana da kariya mai ƙarfi a baya. Tsofaffin kekunan nan irin su Raleigh da Phoenix, waɗanda manoma ke loda wa buhun albasa, sun fi ɗaukar kaya, kuma kowane mai gyara a ƙauye ya san cikinsu. Aibinsu nauyi, ga rashin giya in iska ta tare ka. Keke mai giya mai faɗin taya, ko na hannu ne, ya fi daɗi a turɓaya. Wanda ban yarda da shi ba shi ne ɗan tsere mai siririyar taya. A kan kwalta tsuntsu ne, amma da ka sauka gefen titi yashi ya riƙe shi, ƙaya ta gama da shi.

Kayan gyara kuwa, kada ka bar gida babu famfo, tub biyu sababbi daidai da girman tayarka, faci da sholisho, ɗan guntun samfefa, ƙarafan ɓalle taya, sifana da alanki da suka dace da notocin kekenka, filaya, sukundireba, da makullin sarƙa guda ɗaya ko biyu. In ba ka da ƙarfen ɓalle taya, ƙotar cokali biyu za su yi. Ka duba bakin famfon ya shiga bawul ɗinka tun a gida. Na sha ganin wanda ya ɗauko famfon aro, sai a daji ya tarar bakin bai dace ba. Ka haɗa da roba mai yawa, wadda ake yankawa daga tsohon tub na mota ko na babur. Babu igiyar da ta kai ta riƙe kaya a kan keke.

Na kwana: tabarma ko ledar shimfiɗa, kwali babba guda ɗaya da za ka naɗe, bargo mai kauri, gidan sauro, tamfol ƙarami, igiya kamar mita 10, da tocila, wadda ake ɗaurawa a goshi ta fi, don hannunka biyu su samu aiki. Tanti in kana da shi madalla, in babu kada ya hana ka fita, zan nuna maka yadda muke yi. Kwalin nan kada ka raina shi. Sanyin hunturu ta ƙasa yake shiga jiki, mutum ya lulluɓa da bargo biyu amma ya kwana yana rawar ɗari saboda tabarma kaɗai ke tsakaninsa da ƙasa.

Ruwa shi ne kaya mafi nauyi, kowace lita kilo ɗaya ce, kuma shi ne wanda ba a rage wa. Don fitar kwana ɗaya da hunturu nakan lissafa lita 6 zuwa 8 ga mutum ɗaya, sha da shayi da alwala. Ba sai ka ɗauke shi duka daga gida ba. Ka tashi da lita 4, ka cika a gari na ƙarshe kafin masauki, ko ruwan leda ko na famfon burtsatse. Ruwan rijiyar da ba ka sani ba, ka tafasa shi ya yi minti ɗaya yana tafasa kafin ka sha. Abinci kuwa wanda ba ya lalacewa: dabino, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, garin kwaki da sukari, kilishi, burodi, ganyen shayi da madarar gari, taliyar leda biyu ko uku. Sai ƙaramin risho ko ɗan gas, tukunya ɗaya, kofi, cokali, ashana a cikin leda, da buta.

A jikinka: hular kwano in kana da ita, ƙyalle ko rawani na rufe hanci saboda ƙura, tabarau, rigar sanyi, safa, hular sanyi, da takalmi rufaffe, ba silifa ba. Man kaɗanya ko basilin don leɓe da dunduniya. Maganin ciwon kai, bandeji, filasta, da ƙunshin gishiri da sukari na kemis. In ba ka samu ba, ka haɗa da kanka: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, rabin cokalin na gishiri. Katin shaidarka, na ɗan ƙasa ko na zaɓe ko na makaranta, ya zama a aljihunka, ba a ƙasan jaka ba. Waya a cike da caji, da abin ƙara mata caji, da kuɗi canji a hannu, don ba kowane ƙauye ke da mai POS ba. Kada ka sa tufa mai kama da kakin soja, ko wando ko jaka. Sannan ka sayi goro mai kyau da ɗan sukari ka ƙulle daban. Za ka ga amfaninsu a mataki na biyar.

MATAKI NA 1: ZAƁI LOKACI

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ake wannan fita. Rana ba ta da zafin kisa, ƙasa ta bushe, an kwashe amfanin gona. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, ban ba sabon shiga shawarar ya gwada ba ko kaɗan. Da damina kuma gonaki sun rufe ko'ina, ga sauro, ga macizai sun fito, ga hadarin da ke tasowa tsakar dare. Ko da hunturun ma, ranar da hazo ya yi kauri har ba ka hango mota daga nesa, ka ɗage tafiyar, don direba ma ba zai hango ka ba. In ka samu daren farin wata, daga 12 zuwa 15 ga watan Musulunci, ya fi kowane dare daɗi.

MATAKI NA 2: ZAƁI HANYA, KA YI TAMBAYA

A nan ne sai an faɗi gaskiya ko ba daɗi. Akwai sassan jihar nan da ba a zuwa wannan yawo cikinsu yanzu. Gabashin Sakkwato, wato Isa, Sabon Birni, Rabah, Goronyo da ƙauyukan Wurno, sun daɗe suna fama da 'yan bindiga. Tangaza da Gudu kuma ga matsalar Lakurawa. Ina son bakin madatsar Goronyo, ina son fadamar Wurno da kai ziyara kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, amma son wuri ba ya sa a kai kai ga halaka. Ka bar su sai Allah ya kawo sauƙi.

Fitar farko ka tsaya kusa da birni, inda ba zai wuce kilomita 25 zuwa 35 ba: wajen Wamakko ta yamma, ko Kware a hanyar Illela, ko hanyar filin jirgi zuwa Bodinga da Sifawa, garin da Shehu Usmanu ya zauna kafin ya komo Sakkwato a 1815. Su ma waɗannan ba wai na ba ka tabbaci a kansu ba ne, don wurin da ke lafiya wannan wata yana iya canzawa wata mai zuwa. Ka je tasha ka tambayi direbobin da ke bin hanyar kullum. Ka tambayi 'yan kabu-kabu da masu kawo kayan gwari kasuwa. Mafi kyau duka, ka nemi wanda ɗan garin ne, abokin karatu ko abokin aiki ko maƙwabci, ya kira gida ya ce ga baƙinsa nan tafe. Ka yi wannan tambayar ana saura kwana biyu, ka sake yin ta daren da za ka tashi. Mutum ɗaya ya ce maka "a dai yi hankali", to ka fahimci abin da yake nufi, ka sauya hanya.

Ku tafi ku biyu zuwa huɗu. Mutum ɗaya in ya faɗi ba mai ɗaga shi, taron mutum goma kuma tsoro yake ba ƙauye. Ka gaya wa na gida sunan garin, da wanda za ku sauka a hannunsa, da lokacin da za su ji ka.

Akwai wani lissafi da sababbi ke mantawa, shi ne iska. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa. In ka nufi Bodinga tana bayanka tana tura ka, ka ji kamar kai ne gwanin duniya, gobe wajen dawowa kuwa ita za ka yi ta huda da gajiyayyun ƙafafu. In Kware ka nufa, wahalar tana wajen zuwa, dawowa sai daɗi. Don haka nakan fi son sabon shiga ya fara da arewa.

MATAKI NA 3: GYARA KEKE DA ƊAURIN KAYA

Ana saura kwana biyu ka kai keken wurin mai gyara ya ɗaure wayoyin ƙafa, ya duba robar birki da notocin kariya. Kada ka bari sai ranar tafiya, don gyaran da aka yi yau sai an hau an ga ya zauna. Ka ce ya tsaga tsohon tub ya shimfiɗa maka shi a cikin tayar, tsakanin taya da sabon tub. Yana ƙara nauyi kaɗan, amma yana tare ƙananan ƙayoyi da yawa. Sarƙa ka goge ta da tsumma, ka ɗiga mata man keken ɗinki kaɗan, ka sake gogewa. Baƙin mai da ake lafta mata, ƙurar hunturu yake kamawa ya zama kamar samfefa yana cin haƙoran.

Wajen ɗauri, mai nauyi a ƙasa, marar nauyi a sama, kuma gefen dama ya yi daidai da na hagu. In ba ka da jakunkunan da ake ratayawa a kariya, ka samu jarka biyu 'yan lita 10, ka yanke samansu, ka huda su ka ɗaure ɗaya a kowane gefe. Ruwa da tukunya da kayan gyara su shiga ciki, bargo da tabarma da kwali su hau sama a gicciye, roba ta zagaye su. Ka ja jarkokin baya yadda dunduniyarka ba za ta riƙa bugunsu ba. Kada ka goya jaka mai nauyi a baya, kafin kilomita 15 kafaɗa da mazaunai za su gaya maka. Ban da ruwa, in kayanka sun haura kilo 12 zuwa 15, akwai abin da bai kamata ya bi ka ba. In ka gama, ka zagaya unguwa da kayan a ɗaure, ka taka birki da ƙarfi, ka bi ta kan gargada. Abin da zai kwance gara ya kwance a ƙofar gida. Duk wata igiya da ke reto ka ɗaure ta, ƙafar wandonka ta dama kuma ka cusa a safa saboda sarƙa.

MATAKI NA 4: A KAN HANYA

Keke da kaya yakan ci kilomita 12 zuwa 15 a awa, ka ƙara lokacin hutu da na faci. A watan Disamba rana kan fito wajen ƙarfe 7, ta faɗi kafin 6 da rabi. Burinka ka isa garin da za ka kwana a yi la'asar da kai. Saboda haka ko dai ka tashi da safe ka yi tafiyarka a natse, ka huta a inuwa da tsakar rana, ko ka tashi da an sallame azahar in wurin kusa ne.

Ka kama gefen damanka, ku jeru ɗaya bayan ɗaya. In ka ji tirela ko tifa a bayanka kuma ga wata tana tahowa ta gaba, sauka daga kwalta kawai, ba a jayayya da su. Wanda ya bi ta wajen Kalambaina ya san yadda motocin siminti suke. In kun zo shingen jami'an tsaro ka sauke ƙyallen fuskarka tun daga nesa, ka rage gudu, ka yi sallama, kuma kada ka ɗaga waya da sunan hoto. Ka riƙa kurɓar ruwa tun ba ka ji ƙishirwa ba, don busasshiyar iskar nan tana shanye gumi ba ka sani ba. In fitsarinka ya yi ja, ko kanka ya fara sarawa, tsaya a inuwa ka sha ruwan gishiri da sukari.

Faci kuwa sai ka yi shi, ko yau ko gobe. Babban maƙiyinka tsidau, wanda ke shimfiɗe a gefen hanya da bakin gonaki, sai ƙayar aduwa da ta bagaruwa da magarya da ke zube a ƙarƙashin itatuwan. Kada ka tura keke cikin inuwar itace mai ƙaya, ka jingine shi a fili ka shiga da ƙafa. In taya ta sace, ka kifa keken, ka ɓalle gefe ɗaya na tayar, ka zaro tub, ka ba shi iska ka kara a kunci ko leɓe har ka ji inda yake huci. Ka goge wurin da samfefa, ka shafa sholisho siriri, sannan ka jira ya bushe har ya daina ƙyalli kafin ka manna facin. Gaggawar mannawa a kan ɗanyen sholisho ita ke sa faci ya ɗago bayan kilomita biyu. Kafin ka mayar, ka bi cikin tayar da yatsa a hankali ka nemo ƙayar ka cire ta da filaya. Wanda ya manta wannan zai yi faci uku a rami ɗaya. In rana ta yi nisa, sa sabon tub ka wuce, ka yi facin a masauki. In tub ya ƙare gaba ɗaya, cusa busasshiyar ciyawa a tayar ta cika tam, za ta lallaɓa da kai zuwa gari na gaba.

Game da salla, tafiyar da ake yi wa ƙasaru a mazhabar Malikiyya wajen kilomita 80 ce, saboda haka irin wannan fita ta kusa cika sallarka za ka yi.

MATAKI NA 5: NEMAN IZINI

Wata shekara, tun ban daɗe da farawa ba, faci ya cinye mana yamma, muka isa bayan wani ƙauye ana kiran magariba. Muka ce kada mu dami mutane, muka ratse bayan wata gona muka shimfiɗa. Wajen ƙarfe 10 sai ga hasken tocila ta ko'ina, samari sun fi ashirin, da gora da adda, har da mai bindigar toka. Wani yaro ne ya hango wutar rishonmu ya kai labari. Allah ya sa a cikinsu akwai dattijo mai haƙuri da ya ce a saurare mu, ya duba katunanmu, ya kira wanda muka ambata a birni. Mutanen nan ba su yi laifi ba. Wanda aka taɓa kore wa shanu, ko aka ɗauke masa ɗan'uwa, in ya ga baƙin fuska a bayan gari da dare, infoma zai fara kawowa a ransa. Tun daga ranar ban sake kwana a ƙasar wani ba tare da ya sani ba.

Ga yadda ake yi. Ku sauka daga kekuna tun a bakin gari ku tura su, fuska a buɗe. Ku nufi masallaci ku yi la'asar cikin jama'a. Bayan an sallame ku gaisa da liman, ku roƙi a raka ku wurin hakimi ko mai unguwa. Ku cire takalmi, ku durƙusa ku yi gaisuwa yadda ta kamata, kada ku yi saurin shigar da buƙata. Zai tambaya da kansa: "Samari, daga ina kunka hito? Mi ke tahe da ku?" Babbanku shi kaɗai zai amsa: "Ranka shi daɗe, daga cikin gari muke, unguwa kaza, gidan wane. Yawon motsa jiki muke da keke. Muna roƙon a ba mu wuri a bakin gari mu kwana, da sahe mu koma." Ku miƙa katunanku tun ba a nema ba, ku ajiye goron da sukarin a gabansa. Ku roƙi ya sanar da 'yan sintirin garin, ku karɓi lambar ɗaya daga cikinsu.

Sau da yawa zai ce atafau sai dai ku kwana a zaure, don a wurin Bahaushe abin kunya ne baƙo ya kwana a waje. Ku yi godiya, ku bayyana cewa kwanan filin shi ne abin da ya fito da ku. In ya sake cewa a'a, musamman in ya ce dare ba shi da tabbas, magana ta ƙare, ku kwana a zauren ko harabar makarantar da ya nuna. Ya san abin da ba ku sani ba. In kuma kun ga garin bai sake da ku ba, ana ta kallon-kallo, ku yi sallama ku juya tun da sauran rana. Abin da ya sa na ce a isa da la'asar ke nan.

In an aiko muku da tuwo ko fura, ku karɓa ku ci, ku mayar da kwanon a wanke.

MATAKI NA 6: WURIN SHIMFIƊA

Ko an nuna muku yanki, ku ne za ku zaɓi daidai inda za ku kwanta. Ku nemi tudu-tudu mai tauri, inda in kun yi kira za a ji ku daga gari. Kada ku sauka a burtali ko kusa da mashaya, garke na iya biyowa da asuba. Ku nisanci suri, tarin duwatsu, da inda aka jingine karan dawa, don nan ɓeraye suke, maciji kuma yana bin ɓera. Gindin gawo akwai inuwa da rani amma dabbobi sun mayar da shi wurin hutu, ga kashi ga kaska. Kuka takan ɓoye zuma a kogonta. Dogon yaro ya fi su duka, ba ƙaya. Bakin fadama da kyau a ido, sai dai sanyi ya fi sauka a can, sauro ma yana nan ko da hunturu, don haka ku ja baya ku hau tudu. Kada ku yi wanka a ruwan da ke kwance, tafki ko bakin dam, nan ake ɗaukar tsargiya.

MATAKI NA 7: KAFA MAKWANCI DA GIRKI

Ka share wurin da reshe, ba da hannu ba, ka kwashe ƙaya da ƙarangiya. Kwali a ƙasa, tabarma a kai. In ba tanti, ka ɗaure igiya daga itace zuwa keken da ka kifa a kan sirdi da hannuwansa, ka danne keken da jarkar ruwa, ka rataya gidan sauro a igiyar, ka cusa gefunansa ƙarƙashin tabarma ko'ina. Ba don sauro kaɗai ba, kunama ma ba za ta samu hanya ba. Tamfol ɗin ka kafa shi ta arewa maso gabas ya tare iska. Duk wannan a gama shi kafin magariba. Sauran kekunan ku haɗa su da sarƙa da kwaɗo kusa da kanku.

Wuta ita ce abin da nake jin tsoro fiye da maciji. Ciyawar hunturu kamar fetur take, tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye harawar da mutum ya tara don dabbobinsa na shekara. Ka share fili kamar taki biyar kowane gefe kafin ka kunna risho, ka kare shi daga iska, kada ka bar shi ba kowa. In sanyi ya sa dole sai kun hura wuta, ku nemi izini, ku tona ɗan rami, ku yi ta ƙarama, ku kashe ta da ruwa da ƙasa kafin barci. Kada ka kuskura ka shigar da garwashi ko risho cikin tanti don jin ɗumi. Hayaƙin gawayi ba ya wari, yana kashe mutum cikin barci.

MATAKI NA 8: DARE

Ka kira gida kafin ka kwanta. Ka sa rigar sanyi da safa da hula tun jikinka da ɗumi, don can wajen ƙarfe 4 sanyin kan sauko ƙasa da digiri 15 a wasu darare, a fili kuma ya fi haka cizo. Tocila da waya da takalmi su kwana a cikin gidan sauro tare da kai. Ba kiɗa, ba haske-haske da tocila ta wajen gari. In za ka zagaya, sa takalmi, haska gabanka, ka tona ɗan rami can nesa da ruwa da hanya, ka rufe in ka gama.

In ƙaddara ta sa maciji ya sari wani, kububuwa ce ko kasa ko gamsheƙa, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da roba tam. A cire zobe ko agogo, a kwantar da shi, a sa wa ƙafar ko hannun katako kamar karaya don kada ya motsa, a kira ɗan sintirin nan a nemo mota ko babur zuwa babban asibiti nan take. Ko ya ce ba ya jin komai a tafi, dafin kububuwa yakan ɗauki sa'o'i kafin jini ya fara zuba.

In ka ji motsi ko an haska ku, kada ka gudu, kada ka ɗauki wani abu a hannu. Yi sallama da ƙarfi, ka ambaci sunan hakimin da ya sauke ku.

Sauran daren kuma naka ne. In hazo bai yi yawa ba za ka ga taurarin da fitilun birni suka ɓoye maka, ka ji kukan jaki daga nesa da haushin karnukan ruga, ga shayi a hannu ana hira ƙasa-ƙasa. Ni dai wannan sa'ar ce ke sa in sake ɗaure kaya duk shekara.

MATAKI NA 9: SAFIYA DA KOMAWA

Kiran assalatu daga garin zai tashe ka. Ka zazzage takalmi kafin ka sa ƙafa, ka ɗaga tabarma da kwali a hankali, kunama na son ɗumin ƙarƙashinsu. In da hali ku je masallacin garin ku yi asuba. Bayan shayi ku tsince komai, musamman leda. Jar akuyar nan tamu ba abin da ba ta ci, leda kuma in ta taru a cikinta kashe ta take yi. Ku zuba sharar a jarka ku komo da ita birni. Ku taɓa tokar wuta da hannu ku tabbata ta huce.

Ku matsa tayoyi, don ƙaramar huda takan kwana tana sacewa. Sannan ku koma wurin hakimi ku yi ban kwana, ko da zai sa ku jira. Ku kama hanya da rana ta ɗan ɗago, kafin iska ta yi ƙarfi wajen hantsi. In kun iso gida, ka shanya bargo da tabarma, ka goge sarƙa, ka yi facin tub ɗin da ka cire jiya tun ba ka manta ba. Sai ka kira lambar nan da ka karɓa a ƙauye ka ce kun sauka lafiya, a gaida ranka shi daɗe da liman.